Sallar Farko Babu Inna, Kuma Babu Kuɗin Ɗinki

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana huɗu: mata uku masu shekara 12, 6 da 3, sai namiji ɗan shekara 9. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, Innarmu ce ta riƙe mu, mu biyar, da sana'ar koko da ƙosai. Amma wallahi ban tuna Sallar da ta same mu cikin ƙunci ba. Tun ana saura kwana uku gida ke ɗaukar ƙamshi. Ta yi mana kitso da lalle, ta soya cin-cin ta zuba wa kowa nasa a gwangwani, da asuba mu tarar da kayanmu a ninke a kan tabarma, ga waina da miyar taushe. Inna ta rasu wata bakwai ke nan. Bana kasuwa ta juya wa maigidana baya, ya ce manyan biyu kawai zai iya yi wa ɗinki, ƙananan su sa na bara. Raina ya ɓaci, har yau ba ma magana sosai. Yayata ta ce in karɓi kaya wurin dillaliya in biya bayan Sallah, ko in ci bashi a manhajar waya. Yau azumi biyar. Inna ba ta da miji amma ta yi mana komai, ni da miji na kasa, ko wainar ma ban iya irin tata ba. Ina mafita?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ɗawainiyar da ta yi da ku ta yi mata nauyi a mizani.

Abu biyu ne suka haɗe miki wuri guda, ke kuma kina yi musu kallon abu ɗaya. Akwai ƙarancin kuɗi, akwai kuma maraici. Wannan ce Sallar farko da za ta zo babu Inna, kuma ko turmi goma baban yara ya shigo miki da su, da safiyar Idi sai kin ji wannan gurbin. Ina faɗa miki haka ne don kada ki ɗora masa laifin zafin da ba shi ya jawo ba, kada kuma ke ki kira kanki wadda ta gaza saboda kewar uwa.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki. Me kika lissafa? Ƙamshin gida, kitso, lalle, cin-cin a gwangwani, kaya a ninke a kan tabarma, waina. Ba ki ce min leshi ne ko shadda ba, ba ki ma ce kayan sababbi ba ne. Ke kin ga Sallar Inna ne daga kan tabarma, da idon yarinya. Taki kuwa daga bakin murhu kike kallonta, da lissafi a hannu. Mace mai koko da ƙosai da marayu biyar ba ta yin irin wannan Sallar da yawan kuɗi. Da dogon shiri take yin ta: asusu tun watanni, adashin da aka daidaita kwasarsa da Sha'aban, zanenta na cikin akwati da za ta yanka ta raba wa 'yan mata, tsohuwar rigar da aka rina ta koma sabuwa. Ki tambayi yayarki, ko ƙanwar Inna in tana raye, ko aminiyarta, yadda take yi. Zan yi mamaki in ba su ba ki labarin Sallar da ita kanta ta fita da tsohon zane ba. Abin da ta iya shi ne ta ɓoye muku lissafin ta nuna muku murnar. Wannan kuwa sana'a ce da ake koyo, kuma kina da kwana 24 ko 25 a gabanki.

Maganar bashi, a taƙaice: kada ki taɓa manhajar waya. Kuɗin ruwa ne ƙiri-ƙiri, a cikin watan azumi kuma, ga wa'adin gajere, kuma wasunsu sai kin ba su izinin shiga lambobin da ke wayarki, ranar da kika makara su aika wa surukanki da maƙwabtanki saƙon tozarci. Dillaliya da sauƙi, domin ciniki ne da aka yanke farashinsa tun farko, amma farashin bashi kullum ya fi na kuɗi hannu, kuma tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kusan kwana 70 ne kacal, ga kuɗin makaranta ba ya jira. Ba banza Bahaushe ya ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi ba. In har ya zama dole, to da sharaɗi uku: da sanin maigida, kin san takamaiman inda kuɗin biyan zai fito, kuma abu ɗaya tak wanda za a gama biya cikin wata guda. Yayarki ba mugunta ta nufa ba, ita ma hawayenki ne ba ta son gani. Ki juya taimakonta zuwa inda zai yi amfani: takalma da mayafan da 'ya'yanta suka fi ƙarfinsu, da kuma ku haɗa suyar cin-cin a gida ɗaya, domin man da zai soya kilo ɗaya shi ne zai soya kilo biyu.

Shi kuma baban yara, ki duba da kyau, bai ce babu ba. Ya faɗi iyakar ƙarfinsa ne, kuma ba ƙaramin nauyi ba ne ga magidanci ya buɗe baki ya ce wa matarsa ba zai iya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 gidaje da yawa suke rage Sallah, ba gidanku kaɗai ba. Allah Ya ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki kuma ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ. Tufatar da iyali wajibi ne a kansa daidai hali, sabon ɗinkin Sallah kuwa al'ada ce mai kyau, ba farilla ba.

Sai dai rabon da ya yi da gyara, a nan kina da gaskiya. 'Yar shekara uku ba ruwanta, amma 'yar shekara shida tana gani, tana kuma ajiyewa a rai. Annabi (SAW) ya ce wa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir, lokacin da ya keɓe shi da kyauta, ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Don haka ki same shi bayan asham, ya ci ya huta, ba da la'asar sakaliya da yunwa ke cin kowa ba. Kada ki fara da Inna ta yi kaza. Babu namijin da zai ji daɗin a auna shi da surukarsa marigayiya ya kasa. Ki ce masa: “Na ji maganarka, Allah Ya ƙara buɗi. Nawa ka ware na ɗinkin? Ka ba ni su in gwada, ina ganin za su iya zagaya su huɗun.” Ba ƙari kika nema ba, izinin rabo kika nema, kuma da wuya ya ƙi.

Ga yadda za su zagaya. Turmin atamfa yadi shida ne. Doguwar riga mara yawan tattara ga 'yar shekara 12 tana cin kusan yadi biyu da rabi, ta 'yar shekara 6 yadi ɗaya da kwata uku, ta ƙaramar yadi ɗaya da kwata. Jimilla biyar da rabi ke nan, sauran rabin yadi ya zama ɗankwalin babbar. Turmi ɗaya ya tufatar da 'yan mata uku, kuma ba wanda zai kalle su ya ce talauci ne, anko za a ce. Ki gaya wa tela tun farko cewa riguna uku kike so daga turmin, ya auna su duka kafin ya sa almakashi, ya kuma fara yanka ta babbar. In ya fara da ƙananan, ko ya yi musu hannu mai buɗewa da siket mai tattara, ta babbar ce za ta gaza. Ki roƙe shi ya bar ninki mai faɗi a ƙasa da gefe, don a saki a Babbar Sallah ko baɗi. In kina da turmi a akwati wanda ba ki ɗinka ba, ko zanen da kika ɗaura sau ɗaya ko biyu, to kuɗin tela kawai ya rage.

Namijin yadi biyu da rabi ya ishe shi riga da wando, ba aiki a wuya, domin aikin ne ke ninka kuɗin ɗinki. Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi: tsohuwar shaddar babansa da ta koɗe amma ba ta mutu ba, a kai marina a rine ta, a kai mabuga a buge ta, tela ya rage ta daidai jikin yaron. Kano ba ta rasa marina ba, ta Ƙofar Mata ma tana nan. Hularsa ta bara a kai wa masu wankin hula, ta dawo a tsaye.

Lokaci shi ne abin da zai iya ɓata miki wannan shirin. Ki shiga Kantin Kwari cikin makon nan, kafin goman ƙarshe, lokacin da cunkoso ke ƙaruwa kuma ciniki ke wuya. In atamfar mai sauƙin kuɗi ce, ki jiƙa gefenta ki goga da farin ƙyalle, in launi ya fito to mai zuba ce, ki nemi wata. Ki kai wa tela kafin azumi goma. Ki ba shi rabin kuɗi, sauran sai ranar karɓa, kuma ku yanke ranar karɓa azumi 20, ba jajibere ba. Duk kukan da yara ke yi a ƙofar shagon tela daren Sallah, daga ɗinkin da aka kai a makare aka kuma biya duka yake fitowa. Telar mace ta cikin gida a unguwarku sau da yawa ta fi sauƙi, ta fi kuma jin kunyar saɓa miki. Takalma kuwa, ki auna ƙafar kowa da tsinke ki ƙara ɗan yatsa ɗaya, ki duba na gwanjo a Ƙofar Wambai, a wanke a goge. Sai ki sa wa kowane yaro ƙaramin abu guda wanda nasa ne shi kaɗai: awarwaro, ɗan kunne, ribom, agogon roba. Shi za su riƙa nuna wa ƙawaye, ba rigar ba.

Babbar 'yarki ki keɓe ta ki gaya mata gaskiya daidai shekarunta, ba tare da kuka ko zagin talauci ba: bana kala ɗaya ne, kuma ke ce mataimakiyata. Ita za ta fi jin maganar ƙawaye masu kala uku, kuma abin da ke rage wannan zafin shi ne ta ji ana shawara da ita. Ki bar ta ta zaɓi ɗinkin.

Sai cin-cin, wanda za ki yi ana saura kwana huɗu ko biyar. Fulawa kilo ɗaya, sukari gwangwanin madara ɗaya da rabi, bota giram 125, ƙwai biyu, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri kaɗan. Ki murje botar cikin fulawa har ta ɓace, ki zuba sauran, ki riƙa sa ruwa kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya yi tauri, ba ya kama hannu. Ki rufe shi minti 20, ki murza da kwalba, yara su taya ki yankawa. Kada ki hana su don za su yi manya da ƙanana, wannan zaman na cikin Sallar. In babu ƙwai ba komai, zai ɗan fi tauri ne kawai. Abin da ke lalata cin-cin sananne ne. Bota ta yi yawa, sai ya farfashe a cikin mai. Man bai yi zafi ba, sai ya sha mai ya yi nauyi. Wuta ta yi yawa, sai bayansa ya ƙone cikinsa da saura. Garin da aka barbaɗa wajen murzawa in ba a kakkaɓe ba, shi ke sa mai kumfa ya yi baƙi. Ki jefa ƙwara ɗaya ki gwada, in ta taso nan da nan tana tsuwa to man ya yi. Ki kwashe tun yana ruwan zuma mai haske, domin yana ƙara duhu bayan an tsame. Kada ki rufe shi sai ya huce sarai, in ba haka ba gumi zai sa ya yi laushi. Sannan ki nemi gwangwani huɗu, ki rubuta sunan kowa.

Wainar ma ba gagara ba ce. Shinkafar tuwo gwangwani takwas: ki jiƙa bakwai na awa biyar zuwa shida, ki dafa ɗaya ya yi luguf, ki bar shi ya huce, domin dafaffiyar shinkafa mai zafi tana kashe yis. Ki haɗa su da albasa ɗaya a kai inji, ki ja kunnen mai niƙa kada ya cika ruwa. Ƙullun ya zama yana zuba daga ludayi a hankali, kamar koko mai kauri. Ki sa yis babban cokali ɗaya da sukari kaɗan, ki rufe. A lokacin zafi awa uku zuwa huɗu ya ishe shi tashi, don haka kada ki kwaɓa tun magariba, ki bari sai za ki kwanta. In kin tashi kin ji ya yi tsami, ruwan kanwa kaɗan zai gyara shi, in kuma kanwar ta yi yawa wainar za ta yi ja ta yi bauri. Gishiri sai za a fara suya. Tanda ta yi zafi kafin ƙullu ya shiga, mai kaɗan a kowane gurbi, wuta matsakaiciya, kuma kada ki juya sai gefen ya kama. Waina mai kamawa a tanda, ko ƙullun ne ya yi ruwa ko tandar ce ba ta yi zafi ba. Ki gwada da gwangwani biyu a wani buɗa-baki cikin makon nan, kada safiyar Sallah ta zama ranar koyo.

Miyar taushe kuwa miyar rufin asiri ce: kabewa ce ke cika tukunya, niƙaƙƙiyar gyaɗa ta ba ta jiki, daddawa ta ba ta ƙamshi, alayyahu da 'yar yakuwa a ƙarshe. Ba sai da tsoka ba. Ki sayi ƙashin miya wurin mahauci tun ana saura kwana biyu, ki tafasa da albasa da citta, ki riƙa ɗumamawa safe da yamma. Zoɓo da citta da kanumfari ya wadatar, ba sai lemon kwalba ba.

Kitso ana saura kwana uku, kuma ku yi musaya da maƙwabciya, ki yi wa nata ta yi wa naki. Kada a ja gaban goshi, yana fitar da ƙuraje yana cinye gashi. Lalle ana saura kwana biyu, domin sai ya kwana yake nuna. Ki tankaɗe garin, ki kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami, ya tsima awa biyu, ki yanka salatif ki yi musu zane, a ɗaure da leda awa uku zuwa huɗu. Jan lalle kawai. Baƙin da ake haɗawa da dayis rinin gashi ne, yana iya ƙona fatar yara ya bar tabo daidai siffar zanen.

Ku tuna zakkar fid da kai tana gaba da duk wannan: sa'i ɗaya ga kowane mutum, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da kuka fi ci, ku shida sa'i shida, a fitar kafin sallar Idi. Ki sa yaran su auna da hannunsu su kai. Da safe wanka, dabino mara, ɗaya ko uku, kafin a fita, kabbara a hanya, a tafi Idi ta wata hanya a dawo ta wata. Duk sunna ce, duk kyauta ce, kuma yara na son ta. Ki roƙi babansu ya riƙe hannunsu zuwa Idi da kansa, in an yi hawa bana kuma ya kai su kallo, daga nesa da dawakai, da lambar wayarsa a aljihun kowa. Ta nan shi ma zai samu rabonsa a Sallar, maimakon ya wuni yana jin kunyar abin da bai saya ba.

Kwanon farko na wainar ki aika wa aminiyar Inna. Annabi (SAW) ya kasance yana aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta, kuma sada zumunci da waɗanda iyaye suke ƙauna yana cikin biyayyar da ba ta yankewa da mutuwa. Ki gaya wa yaran sunan abincin: wainar Inna ce.

Na baɗi kuma ki fara shi da goron Sallar bana. Kowane yaro ya ci rabi ya jefa rabi a asusu, ke ma ki buɗe naki. Naira 200 kullum, kwana 300, Naira 60,000 ke nan. Ki sayi yadi a Rajab, ki kai ɗinki a Sha'aban. In adashi za ki shiga, ki nemi kwasar Rajab tun ranar da aka fara zubi.

Daren jajibere, bayan sun yi barci, ki share ɗaki, ki sa turaren wuta, ki shimfiɗa tabarma. Ki ninke kayan kowa daban, takalmi a gefe, gwangwaninsa a kai. Mai yiwuwa a nan ne kukan zai zo miki. Ki bar shi ya zo, ki yi mata addu'a da sunanta. Ki dai kawar da fuskarki daga shaddar yaron, ɗigon ruwa yana ɓata bugu.